Fitilar da Tela Ta Haɗa wa Kifi

Ranar da Yaya Babba ta yanke hukuncin a fitar da tankin kifi daga gidan ƙaninta, Tela na durƙushe da allurai huɗu a baki, tana kama kalmasar rigar wata mata. Shi ya sa ba ta samu bakin magana ba. Da bakin nan a sake yake, da maƙwabta sun sha kallo tun a ranar. Sai huci ta dinga yi ta hanci, har mai rigar ta leƙo ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, da ni kike ko da rigar?"

"Asabar Mai Aski zai zo da bokitai ya kwashe," in ji Yaya Babba, tana gyara zaman jaka a hammata. "Na gama magana da shi. Shi shagonsa yake so ya ƙawata, mu kuma ɗan'uwanmu muke so ya huta."

Ta faɗi haka ta fice, ko waiwayen mai tankin ba ta yi ba. Ranar Talata ce.

To, ga yadda abin ya faro. Tankin na mijin Tela ne. Na gilashi ne, dogo, in mutum ya ware hannuwansa biyu da ƙyar zai taɓa gefe da gefe, yana kan teburin ƙarfe a falon da Tela ta mayar da rabinsa wurin ɗinki. Shekara goma sha ɗaya Maigida yana kiwon kifin ado a ciki, tun yana tuƙin bas. Wasu mazan in sun tashi aiki majalisa suke wucewa, wasu kuma, Allah ya shirya, ba a san inda suke wucewa ba. Shi gida yake dawowa, ya tuɓe takalmi, ya tsaya gaban ruwa yana datse ganyen ciyawar da ya shuka a ciki da ɗan almakashi, almakashin ma na Tela ne ya sace. Akwai ƙananan kifaye masu jan ciki da ke yawo garke guda, akwai wasu faffaɗa biyu masu tafiyar ƙasaita kamar matan manya, da wani baƙi mummuna mai gashin baki da ke manne da gilashi yana tsotsa, wanda Tela ta rantse sak wani kawunta ne.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama, ya bar masa harshe mai nauyi, kalma ɗaya ko biyu, su ma sai ya yi gumi. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ba abin da ya rage masa sai kujerarsa a gaban tankin nan. Rediyo ba ya so, baƙi ba ya so. In yana kallon kifi zai buɗe baki a ba shi abinci, ya sha magani, har ya ɗaga ƙafar da likita ya ce a dinga ɗagawa. Tela na bayansa tana taka keke, shi yana kallon ruwa, haka suke wuni.

Sai doguwar fitilar kan tankin ta mutu. Aka sayo sabuwa, ita kuma haskenta kamar na walda. Da an kunna sai kifi su watse su dinga dukan gilashi, idon Maigida ya kama zubar da ruwa. Ya zama dole a samo wadda za a iya rage mata haske a kuma ƙara a hankali.

Nan Injiniya ya shigo. Autan su Maigida ne, mai gyaran wutar lantarki a gidaje, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan, don ba makarantar da ta ba shi. Irin mutumin nan ne da in ya zo gyara miki soket ɗaya sai ya bar ki da biyu a lalace, ya kuma shanye miki shayi. Ya zo da igiyar fitila ta zamani, mai ƙananan idanu jere da ake kira LED, ya manna ta a murfin tankin. Ya zaro makunnin fanka daga jakarsa, irin na murɗawar nan, ya haɗa. Ya murɗa, haske ya ragu. Ya murɗa, ya ƙaru.

"Matar yaya, kin ga aikin ilimi? Ko ina kika je iyakarta ke nan."

Kwana biyu da yin haka Maigida ya juya fuskarsa bango. In Tela ta juyo da kujerar sai ya runtse ido ya kau da kai, ya ce, "Kai. Ciwo." Kifayen suka shige bayan duwatsu, ko an zuba musu abinci ba sa fitowa, biyu daga masu jan cikin suka taso a mace. Kwana goma abincinsa bai wuce cokali uku ba, har wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Shi ne Yaya Babba ta zo ta duba ta ce ai magana a fili take: ya gaji da kifin, danshin ruwan ke sa masa ciwon kai, kuma ita dama tun fil azal ba ta ga amfanin kifin da ba a ci ba.

Tela ta san in tankin nan ya fita ta ƙofa, mijinta ba zai sake juyowa daga bangon nan ba. Amma ba ta da hujja, Yaya Babba kuwa mace ce da ko likita sai ya gyara tsayuwa kafin ya musa mata.

Laraba da safe hadari ya haɗu, gari ya yi duhu. Kwan falon, wanda Injiniya ya gyara watan jiya, ba ya kamawa. Ga ɗinkin da za a zo karɓa da rana. Sai Tela ta ja kekenta kusa da tankin don ta ci albarkacin haskensa. Ta taka. Ta duba, sai ga allura uku suna hawa da sauka a wurin ɗaya. Ta murza ido, ta ƙara takawa da ƙarfi, ta kalli wilin keken da ake juyawa da hannu. A tsaye yake cak, alhali keke na gudu yana cin yadi, can kuma ya fara komawa baya a hankali. Tana cikin kallon wannan ikon Allah, allurar gaskiyar, ɗaya daga cikin ukun, ta shige mata gefen farce.

Ihun da ta yi ya fito da Maƙwabciya taga, ko da yake ita dama kunnenta kullum a jingine yake da bango.

Tela ta ɗaure yatsa da ƙyalle. Ta fara zaton hawan jini ne ya zo mata ta ido. Ta ja keken bakin ƙofa inda akwai ɗan hasken gari, ta taka: allura ɗaya, wili na juyawa gaba kamar kullum. Ta mayar da shi gindin tanki: uku. Sau huɗu tana wannan jigila. Daga nan ta zauna ta zuba wa fitilar ido. A ido lafiya lau take, ko motsi ba ta yi. Amma da ta kaɗa almakashi da sauri a ƙarƙashinta, sai ta ga almakasai shida jere a iska.

Ashe fitilar ƙiftawa take, ɗauke-kawo, da saurin da ido ba ya kamawa sai abu mai gudu ya gifta. Mai lafiya zai shigo ya fita bai ji komai ba. To mutumin da ciwo ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya wuni yana kallonta fa? Kifin da ba shi da fatar idon da zai runtse fa?

Ta ɗauki waya, ta kira Injiniya.

"Fitilarka ƙiftawa take."

"Matar yaya, ina kwana tukuna."

"Ban kwana ba. Ka zo ka cire tsiyar da ka rataya wa yayanka a ka."

"Ni da idona na duba ta, ba ta ƙiftawa."

"Allurata ta zama uku a ƙarƙashinta!"

Injiniya ya fashe da dariya har da tari. "Allura uku! To ai kin huta, sai ki dinga ɗinka riga uku-uku. Ki je a auna miki ido, shekaru ne. Ni na taɓa ce miki ga yadda ake yanka wando?"

"Da ka iya taka sana'ar ko rabin yadda ka iya surutu..."

Ya kashe wayar. Ta tsaya riƙe da ita, ji take da yana kusa da ta ɗinke masa baki, ɗinki biyu, ta bi da guga. Ta fizge fitilar daga soket. Tankin ya koma baƙin akwati, ba abin kallo a ciki. Ta faɗa wa Maigida abin da ta gano, bai ko motsa ba.

Alhamis ta bar shi a hannun Maƙwabciya, tana sane kafin ta dawo duk layin sun san yawan kofunan da ke kabad ɗinta da waɗanda suka fashe a baki. Ta jefa tef ɗin awo da alli da fensir a jaka, da kwarkwaron kekenta na ƙarfe, wannan ɗan gewayen da ake naɗa zaren ƙasa, mai ramuka zagaye a gefensa. Ta hau mota zuwa layin masu kayan lantarki.

Shagon farko na wani ne da ake kira Akwai, don tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya ce babu ba.

"Sannu da zuwa, Mama. Akwai."

"Ban faɗa ba tukuna."

"Ko mene ne, akwai."

Ta yi masa bayani. Ya ɗauko ɗan akwatin roba mai abin murɗawa a sama ya dire a kan kantar shagon. "Dima ke nan, ita ke rage hasken. Irin wannan ko jikanki ya gaje ta."

"Haɗa min in gani."

Ya haɗa da guntun igiyar fitila yana ƙunƙuni, ya rage hasken rabi. Tela ta zura fensir a cikin kwarkwaro, ta kai shi ƙarƙashin hasken, ta buge shi da yatsa. Kwarkwaro na gudu, amma ramukansa suka tsaya jere suna kallonta.

"Tana ƙiftawa. Kawo wata."

Ya kawo baƙa, haka. Ya kawo mai madanni, haka. Ya kawo wadda ake latsawa daga nesa, ita ce ma ta fi muni. A ta biyar mutane sun fara taruwa a bakin shagon, shi kuma fara'ar ta ƙare.

"Mama, ciniki kika zo ko duba? Shekara ashirin ina sayar da kayan nan, ba wanda ya taɓa auna min su da kayan ɗinki. Kifi fa za ki haska wa, ba ɗakin tiyata ba. Ki koma ki turo maigidanki, mu yi magana irin ta waɗanda suka san wuta."

Ai kuwa ya taɓo inda ba a taɓawa. Tela ta ajiye jaka a kan kantarsa.

"Maigidana? Da yana da ƙafar zuwa nan, da ni zan tsaya ina shaƙar warin bakinka? Yana can ya juya wa duniya baya saboda wani mai kai irin naka ya ce ya san wuta! Ku duk haka kuke, in an ce abu bai yi ba sai ku ce idon mace ne. Ga ramuka nan a gabanka sun tsaya, ko kai ma shekaru ne? Shekara ashirin kana sayar wa mutane ciwon kai a cikin kwali, har kana alfahari! Da ni na ɗinka maka riga hannu ɗaya ya fi ɗaya, za ka karɓa don na ce na shekara ashirin a kan keke?"

Akwai ya yi tsuru-tsuru. Wani daga baya ya ce, "Yau dai babu," aka kwashe da dariya.

A cikin masu kallon akwai wani tsoho siriri mai tabarau a kan goshi, mai ɗaukar hoto ne a ƙarshen layin. Ya matso ya ce ta ba shi kwarkwaron. Ya juya shi ƙarƙashin hasken sau biyu, ya girgiza kai.

"Wa ya koya miki wannan, 'yar'uwa?"

Ta ɗaga masa yatsan da ke ɗaure da ƙyalle.

"Ya koyar da kyau. Biyo ni."

Shagon Mai Hoto ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakala, fitilu da lemomin haska hoto sun cika shi, sai mutum ya shiga a karkace. Ya ce mata ƙananan dimomin nan ba rage hasken suke ba, yanka shi suke gunduwa-gunduwa, su kashe su kunna, shi ya sa in ya ɗauki bidiyo a ƙarƙashinsu sai layuka su dinga bin fuskar mutane. Makunnin fanka kuwa, da ta faɗa masa, sai da ya sauke tabarau ya dube ta, ya ce Allah ya tsare da gidan bai kama ba. Ya tono wata dima daga cikin kwali, mai jikin ƙarfe, mai ɗan nauyi, irin wadda yake sa wa fitilun aikinsa. Ya haɗa, ya rage hasken har ƙasa. Tela ta buge kwarkwaro. Ramukan suka narke suka zama zobe ɗaya mai toka-toka. Ta sake, ta sake, a kowane mataki na hasken. Ba ta ƙiftawa.

Ya zana mata komai a bayan ambulan. Adafta, ɗan akwatin da ke rage ƙarfin wutar soket, mai lamba ashirin da huɗu. Igiyar fitila ita ma mai lamba ashirin da huɗu, kada a yarda a ba ta mai sha biyu, kuma mai rigar roba saboda tururin ruwa. Layi biyu fara, layi ɗaya mai ɗan ja-ja don ciyawa da launin kifin su fito. Sandar alminiyam da za a manna su a kai ta shanye zafi. Waya ja da baƙa, da 'yar robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta, ta rufe mahaɗa.

"Ja da ja, baƙi da baƙi. Adafta kuma kada ki kuskura ki buɗe ta, can mai kisan take. Abin da ya fito daga bakinta zuwa fitila ba ya kisa." Ya nuna mata yadda ake narka dalma a liƙa waya, ya sa ta yi sau uku, ya ara mata ƙarfen liƙinsa. "Hannunki ya fi na rabin mutanen layin nan tsayuwa."

Igiyar da adaftar a shagon da ke kallon na Akwai ta saya, ta kuma tsaya a bakin ƙofa ta warware igiyar tana aunawa da tef a hankali yadda zai gani da kyau. Sandar kuwa wurin mai haɗa tagogi ta samo, ta ja masa layi da alli ta ce nan zai yanka, ba gaba ba baya.

Juma'a ba ta taɓa ɗinkin kowa ba. Mata biyu suka zo karɓar kaya, suka tarar da teburin yanka cike da wayoyi da hayaƙin dalma, suka koma suna cewa Tela ta fara taɓuwa. Maƙwabciya ta raka su har bakin titi ta ƙara musu bayani.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Igiyar tana da inda ake yankawa, wasu ɗigo na jan ƙarfe, Tela ta yanka yadda tef ya ce, ta kauce musu, ta kashe kamu guda. Liƙinta na farko ya fito kamar kashin awaki. Ƙarfen ya lashe ta a babban yatsa, ya ƙona mata gefen zani. Da ta gama layin farko ta kunna, ko ƙyalli. Ta bi waya da ido, ashe ta juya ja da baƙi. Duk wannan tana yi tana magana da ƙeyar mijinta.

"Kana ji ko? Ni da ko kwan fitila ban taɓa canjawa ba, yau ni ce da dalma. Ƙaninka na can yana shan shayin mutane. Yayarka na can tana rabon kayan da ba nata ba. Kai kuma ka ba ni baya kamar ni na kashe maka fitila. Wallahi kifin nan ko ranar da na haihu ba ka kalle ni yadda kake kallonsu ba."

Kafin rana ta faɗi ta gama. Layi uku a miƙe a kan sanda kamar ɗinkin ado, kowace mahaɗa a rufe da roba, wayoyin a ɗaure da zare tsaf. Ta ɗora a kan tankin, ta kafa dimar a gefen dama na teburin, inda hannunta ke kaiwa in tana kan keke. Ta murɗa kaɗan. Haske ya taso cikin ruwan a hankali kamar gari na wayewa. Ta taka keke: allura ɗaya. Can sai ga faffaɗan nan biyu sun leƙo daga bayan dutse.

Ta juyo da kujerar Maigida. Ya matse ido gam, ya kau da kai. Ta lallashe shi, ta rantse masa, ta yi masa faɗa. Mutumin da ya sha ciwon kwana goma ba ya yarda da rantsuwa. Haka aka kwana.

Asabar da hantsi suka iso: Yaya Babba a gaba, Mai Aski da bokitai huɗu da tiyo, Injiniya a baya yana sakace haƙori. Sun tarar Tela ta rataya tsohuwar fitilarsa da makunnin fankarsa a kan kekenta, ta rufe labule.

"Injiniya, zo ka zauna nan kusa."

"Matar yaya, wasan me kuma?"

Ta kunna, ta taka keke da ƙarfi. "Allura nawa ka gani?"

Injiniya ya ƙura wa allurar ido. Mai Aski ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Kai! Wallahi uku ce."

"Biyu na ƙarya ne, ɗaya ta gaskiya. Tunda ka ce idona ne, sa yatsanka ƙarƙashin wadda ka ga dama. Sa mana! Ba kai ne mai ilimi ba?"

Injiniya ya tura hannuwansa biyu cikin aljihu, ya ce ai kayan yanzu ne duk jabu, ba laifin mai haɗawa ba ne.

"Kwana goma sha biyu yayanka na kallon wannan! Na kira ka, ka ce in je a auna min ido!"

"To, ya isa," in ji Yaya Babba. "Auta ya yi shirme, ba yau ya fara ba, tun yana rarrafe yake ɓarna. Amma ke, tun jiya aka ce min kin sa taki fitilar. Ya juyo? Ga shi nan, bango yake kallo. Ni ɗan'uwana nake dubawa, ba allura ba. Mai Aski, bismillah."

Abin haushin, gaskiya ta faɗa. Mai Aski ya zura tiyo, ya zuƙa, ruwa ya fara zuba cikin bokiti da ƙara. Tela ta dubi ruwan yana sauka daga bakin gilashi, idonta ya rufe. Ba kan Yaya Babba ta yi ba, kan mijinta ta yi.

"Ka ji ƙarar nan? Ruwanka ne ake kwashewa! Za a kai su shagon aski, gashin mutane na faɗa musu, yara na buga musu gilashi. Na ji wa yatsu biyu ciwo, na kori masu ɗinki, na yi faɗa a kasuwa kamar mahaukaciya. In ba ka so, buɗe ido ka ce ba ka so, ni da kaina zan ɗora masa a ka. Amma ba za ka bar ni ni kaɗai ina haushi a kan kayanka ba!"

Ta kashe ta Injiniya, ta murɗe tata har ƙasa, sai ɗan haske kamar na asuba a cikin ruwan. Ta kama kujerar ta juyo da ita da ƙarfin da sai da ƙafafunta suka yi ƙara.

Ruwa na ta zuba. Maigida ya buɗe ido ɗaya, kaɗan, kamar mai jiran mari. Ya jira ciwon. Ya buɗe ɗayan. Tela ta kai hannu ta ƙara hasken a hankali, a hankali, har jan cikin ƙananan kifin ya fara fitowa, ciyawa ta yi kore. Ya ɗaga hannun hagu.

"Haka."

Ta tsaya. Ya daɗe yana kallo. Sannan idonsa ya sauka kan tiyo, ya bi shi har bokiti, ya hau kan Mai Aski.

"Mayar."

Mai Aski ya dubi Yaya Babba. Ita kuwa ta gyara jaka ta ce, "To me kake jira? Ba ka ji mai abu ya yi magana ba? Dama ni na ce a bi a hankali, ku ne da gaggawa."

Tela ta buɗe baki za ta amsa mata, sai ta ga Maigida na miƙa hannun hagu wajen dimar. Tana can ƙarshen dama, ko da sanda ba zai kai ba. Ya sauke hannun, ya bubbuga hannun kujerarsa na hagu.

"Nan."

"Nan me?"

"Nan." Ya sake bubbugawa, ya yi alamar murɗawa da yatsu.

Tela ta dubi dimar, ta dubi kujerar. Wayar nan daidai wa daida ta yanke ta, irin yankan tela mai ƙin asarar yadi, ko ɗan yatsa ba ta bari ba. Ragowar kuma ta ƙare a gwaji. Sai an farke mahaɗa huɗu da ta rufe da roba, an sayo sabuwar waya, an sake liƙi daga farko.

"Yanzu ka ga damar magana? Jiya da nake yanka wayar bakinka na ina? Ina nan bayanka ina aunawa da ƙarfi, kana ji! Kai wallahi duk gidanku ɗaya kuke!"

Ta fizgo tef daga wuya, ta auna daga gefen tebur zuwa hannun kujera, ta ƙara kamu biyu, ta rubuta a tafin hannu. Ta dangwara wa Injiniya kwanon abincin yayansa da cokali.

"Ba shi, duka, kafin in dawo. In kuma na tarar ka taɓa ko da zaren da na ɗaure waya da shi, sai na sa yatsan nan naka a keke da hannuna."

Ta ɗauki jaka ta fita tana faɗa. Maƙwabciya, da ke tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu wai ta zo aron tsintsiya, ta yi maza ta ba ta hanya.